Ƙofar da Merv Kuhlmann Bai Rufe Ba

Da sunan Allah nake farawa, Mai riƙe da abin da ke tafiya bisa ƙasa da abin da ke shawagi a sama. Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihi ne na maƙwabcina Merv Kuhlmann, mai gyaran famfunan iska a garinmu Marree. Shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nasa. Kakana da raƙuma ya shigo ƙasar nan, kakansa kuwa Bajamushe ne manomin alkama. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma ban taɓa zama kusa da mutumin da ya fi shi kiyaye haƙƙin maƙwabtaka ba, don haka na ga wajibi ne in rubuta abin da na sani game da shi.

An haifi Merv a 1926. Bai yi karatu mai nisa ba. Ya tashi yana bin rijiyoyin burtsatse daga wannan gandun kiwo zuwa wancan, yana hawa hasumiyar famfo da sifana a ɗamara. Yana da shekara goma sha tara ya ga abin da bai manta ba har ya mutu. Wani matafiyi ya tarar da ƙofar shinge a buɗe, ya rufe ta bisa zaton alheri yake yi. Ashe mai gandun ne ya buɗe don shanu su kai ga ruwa. Bayan kwana huɗu Merv ya iso, ya iske shanu arba'in da bakwai a mace jikin waya, ga kwamin ruwa cike taku ɗari a gabansu. Kowa a ƙasarmu ya san ƙa'idar nan, cewa ƙofa ana barin ta yadda aka same ta. Amma Merv ya riƙe ta fiye da kowa.

A 1968 ya sayi wani ƙaramin jirgin sama daga hannun wani makiyayi, wanda ya bar kaji suna ƙwai a cikinsa. Kujeru biyu gare shi, ƙashinsa siraran bututun ƙarfe, fatarsa yadi. Ana shafa wa yadin wani mai mai kauri da wari, in ya bushe sai ya ɗaure kamar fatar ganga. Da hannu ake juya farfela kafin injin ya kama. In iska ta taso ta gaba, manyan motocin shanu kan wuce shi a ƙasa, direbobi na ɗaga masa hannu. Tsohuwa yake kiran jirgin.

Kowace shekara in sanyi ya shigo a watan Yuli, sai ya ajiye sifana mako uku, ya nufi arewa har bakin teku a Karumba don kamun kifi. Ba ya kwana a masauki. Inda ya sami fili sai ya sauka, ya ɗaure fukafukai da igiya, ya baje shimfiɗarsa ta tamfol a ƙarƙashin fiffike, ya dafa shayi a gwangwani, ya gasa gurasa a toka.

Matarsa Noreen ba ta taɓa shiga jirgin ba. Mahaifinta ya ɓata a hamada tana budurwa, aka yi kwana tara ana nemansa, kuma ba a same shi da rai ba. Saboda haka ta gindaya sharaɗi tun ranar da aka kawo Tsohuwa: a kowane zango Merv zai faɗi ranar da zai buga waya da kuma sa'ar. In sa'ar ta wuce, za ta kira 'yan sanda. Ranar da aka fita nemansa kuwa, ranar jirgin ya bar hannunsa. Merv ya amsa, suka tafa. Shekara ashirin da shida bai taɓa saɓa lokaci ba.

A 1994 ya gayyace ni, bayan rasuwar iyalina da wata biyar. Da safen da za mu tashi, Noreen ta fito da zanen gado na auduga, fari mai ƙananan furanni shuɗaye, ta tura shi cikin shimfiɗarsa.

Merv ya ce, "Haba Noreen, ni da zanen gado a daji? So kike dingo, karnukan dajin nan, su yi mini dariya?"

Ta ce, "Su yi. Bara da tari ka dawo, tsoho kawai. Akbar, ka sa masa ido, in ya cire ka gaya mini."

Na ce, "Ni shaida ne, uwargida, ba ɗan sanda ba."

Ta ce, "To shaidar ma ta isa."

Ranar Talata da safe Merv ya buga mata waya daga Innamincka, ya ce ta saurare shi gobe Laraba da ƙarfe goma sha biyu na rana daga Windorah. Muka tashi. Iska ta yi ta tura mu baya, har ya ga gara mu sauka mu kwana a hanya, mu ƙarasa da safe in ta kwanta. Ya zaɓi wani filin sauka na gandun Tarrawilla wanda ya sani, nisan sa'a ɗaya da rabi daga Windorah. Filin yana cikin shinge. A kusurwa ɗaya akwai famfon iska da kwami, a ɗaya kusurwar kuma akwai ƙofa, tana buɗe.

Muka ɗaure jirgi, na yi sallar azahar da la'asar a haɗe irin ta matafiyi, shi kuma ya buɗe giyarsa guda ta ranar. Sa'annan ya ce mu taka zuwa rafi, tafiyar rabin sa'a, ko ma samu kifin dare. Da muka iso ƙofar na tsaya.

Na ce, "Merv, ba kai ka ce mini shanu na son lasar man da ke jikin yadin nan ba? Mu ja ƙofar mana, sa'a biyu kawai."

Ya ce, "Liman, kai mai karatu ne, amma karatunka bai kai ƙofa ba. Wa ya buɗe ta?"

"Ban sani ba."

"Me ya sa ya buɗe?"

"Shi ma ban sani ba."

"To hannun da bai san dalili ba, me ya kai shi? In muka rufe, ƙafata ta karye a rafi, ko kai ka tsaya doguwar addu'arka muka manta fa?"

Ya durƙusa ya duba ƙasa, ya murtsuke kashin shanun da ke wurin, ya ce ya yi mako da bushewa, babu garke kusa. A nan ne ya yi kuskure, domin iskar yinin ta share sawun safiya. Muka wuce, ƙofa na buɗe.

Muka dawo rana ta yi sanyi, da kifi uku a igiya. Tun daga nesa muka hango ƙura. Shanu sun fi ɗari biyu a wajen kwami, kamar goma kuwa sun kewaye Tsohuwa. Fukafukai sun fi ƙarfinsu saboda tsawo, amma wutsiya daidai bakinsu take. Wata jar saniya ta ɗago kai ta dube mu, ƙyallen yadi na reto a bakinta. Merv ya jefar da kifi ya ruga yana ihu yana kaɗa hula. Maganganun da ya faɗa wa saniyar nan da uwarta ba na rubutawa ba ne.

Ɓarnar ita ce rami a yadin wutsiya ta hagu, faɗinsa kamar faifai biyu, sama da ƙasa. Ƙarfen bai lanƙwashe ba. Merv ya daɗe yana shafa shi da yatsu. Yana da basilla da zare da gwangwanin mai guda, amma ƙyallen faci da yake ɗauke da shi bai wuce tafin hannu ba. Tamfol ya yi nauyi, rigunanmu kuwa ulu ne. Gidan gandun yana nisan kilomita arba'in, rediyon jirgi kuma ba ya kai ko'ina daga ƙasa.

Shi da kansa ya je ya kwance shimfiɗarsa, ya zaro zanen Noreen, ya ɗaga shi ga hasken rana, ya ja shi ta kowane gefe.

Ya ce, "Auduga ce tsantsa, saƙar da. Liman, in ka yi dariya a nan zan bar ka."

Na ce, "Ni ban yi ba. Dingo dai ban sani ba."

Muka yi ɗinki, shi yana soka basilla ta sama ina mayar masa ta ƙasa, har rana ta faɗi. Kafin mu kwanta muka tura jirgin can ƙarshen fili, muka kewaye shi da igiyoyi. Ƙofar dai ba a taɓa ta ba.

Sauran aiki shi ne shafa mai, sau uku, kowane shafi sai ya bushe kafin na gaba. Da gari ya waye raɓa ta daskare a kan fukafukai. Man nan ba ya son sanyi. Shafin farko bai bushe ba sai wajen ƙarfe tara. Lissafin kuwa a fili yake: in muna son waya ta yi ƙara a gidan Noreen da sha biyu, lalle mu tashi da ƙarfe goma.

Goma saura kwata ya yi shafi na biyu. Goma daidai ya ɗalli facin da yatsa, ya kara kunne. Sa'annan ya ɗalli tsohon yadin da ke kusa. Tsohon ya amsa kamar ganga, sabon kuwa kamar an bugi jiƙaƙƙen buhu.

Na ce, "Zai kai mu?"

Ya ce, "Wataƙila. Da ni kaɗai ne, da wataƙila ta ishe ni."

Na ce, "Kada ka rasa jirginka saboda ni. Na yarda mu tashi, rai a hannun Allah yake."

Ya ce, "Naka ran a hannun Allah, na ji. Amma sandar tuƙi a hannuna take. Na ɗauko ka daga ƙofar gidanka da ƙafafu biyu, haka zan mayar da kai. Ɗora mana shayi."

Na ɗora. Muka zauna a inuwar fiffike muka ci kifin jiya da gurasa. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu. Sha biyu ta yi ta wuce, babu wanda ya ambace ta. Haƙiƙa na ga mutane da yawa suna haƙuri bisa abin da ba su da iko a kansa. Kaɗan na gani suna haƙuri bisa abin da suke da ikon kauce masa.

Wajen ƙarfe biyu da rabi shafi na uku ya bushe, facin ya amsa kamar ganga. Muna naɗe kaya muka ji ƙarar wani jirgi. Ya kewaya mu sau biyu ya sauka. Beryl Quartermaine ce, mai gandun, wadda 'yan sanda suka roƙa ta duba filayenta. Ta sauko ta zagaya Tsohuwa, ta tsaya a wutsiya tana kallon furanni shuɗaye.

Ta ce, "Merv Kuhlmann, yaushe ka fara yi wa jirgi kwalliyar amarya?"

Ya ce, "Tun da shanunki suka fara cin jirage. Ba kya ba su abinci ne?"

Da ta ji yadda aka yi, sai dariyar ta tsaya. Ta ce famfon ɗaya makiyayar ya lalace tun Lahadi, shi ya sa ta buɗe ƙofar. Kwamin nan kaɗai ne ruwan shanu ɗari uku. Merv ya tambaye ta irin ƙarar da famfon ya yi kafin ya tsaya, ya gaya mata fatar cikin famfon da za ta canza.

A Windorah ya shiga ɗakin waya, ina tsaye a bakin ƙofa, nasa ɓangaren kawai nake ji.

"Ni ne... Lafiya lau, shi ma... Har ƙarfe ɗaya kika jira? To na gode da sa'ar... A'a, ba sai kin faɗa ba, na tuna... In dawo yanzu ko in ƙarasa?... To. Manya guda nawa?"

Ya ajiye waya ya ce, "Ta ce mu kai Karumba, mu kawo kifi."

Muka kai, muka yi kwana shida a bakin teku, muka dawo ta hanyar da muka bi. Washegarin dawowarmu ya rubuta tallar jirgin da hannunsa. Na je wurin Noreen na yi masa ceto, na ce jinkirin nan saboda ni ne. Ta ce ta sani, kuma a shirye take ta janye sharaɗin. Merv ne ya ƙi. Ya ce maganar da aka tafa a kanta ba a kwance ta ranar da ta yi tsada. In ya kwance yau, gobe in sa'a ta wuce Noreen ba za ta san ko ta kira ko ta jira ba.

Wata likitar dabbobi daga Quorn ta saye shi a watan Satumba. Ta sake wa wutsiya yadi, ta aiko wa Merv da tsohon facin a ambulan. Noreen ta karɓi ragowar zanen, wanda ashe na mahaifiyarta ne, ta kalmashe bakinsa ta mayar da shi rigar matashin kai.

Merv ya ci gaba da hawa famfuna har ya kai saba'in da biyu. Kowane Yuli mukan tafi Karumba a motarsa, kwana biyar a hanya, ni ne mai sauka in buɗe ƙofofi, shi yana leƙe ta madubi ya ga yadda na bar su. Ya rasu a 2003, a gadonsa. Abin da na gani da idona ke nan na rubuta. Abin da ya ɓuya gare ni kuwa, Allah ne Masani.