Kwamared Bulus da Ƙafar da Ta Jira Yajin Aiki

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina Bulus, wanda duk unguwar Nasarawa ta sani da Kwamared. Har fasto haka yake kiransa. Ni kaɗai ke ce masa Baban Rahila, don aure muka yi, ba ƙungiya muka kafa ba.

Ya yi aikin masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, amma aƙidar 'yan ƙwadago ba ta bar jininsa ba. Ko direbobin bas ne suka shiga yajin aiki, sai ya tafi coci a ƙasa, ya ƙi hawa acaɓa, wai kada ya rage wa yajin ƙarfi. Mun sha yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Yana da ciwon suga. Ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa daidai lokacin da ma'aikatan asibitin gwamnati suka tafi yaji. Wani likita ɗan cocinmu, mai asibitin kansa a Narayi, ya tako har gida ya ce, "Baba, ku zo in wanke ciwon nan. Ba zan karɓi komai ba."

Bulus ya ce, "Ɗana, ba maganar biya ba ce. In kowa ya gudu wurinku, wa zai ji zafin yajin?"

Na roƙe shi, na yi kuka, na yi faɗa. Na ce, "Baban Rahila, ƙafar nan fa ba ta da katin ƙungiya." Ya yi dariya ya ce saura ƙiris ma'aikatan su janye yajin. Ko da suka janye, ƙafar ta yi baƙi har ƙauri. An yanke ta, amma ciwon ya riga ya shiga jini.

Ban ga laifin masu yajin ba, hakkinsu suke nema. Sai dai ko sunansa ba su sani ba, balle su san yana jiransu.

Yau 'yarmu Rahila nas ce a asibitin gwamnati. Da yana nan, da unguwa ba ta huta da labarinta ba. Da kuma ya ga wasu abokan gwagwarmayarsa suna hawa jirgi zuwa ƙasar waje neman magani, ban san inda zai sa kansa ba.

Kowace shekara tsofaffin 'yan masaƙa kan zo su zauna a tsakar gidanmu, su ce ba a taɓa ganin mutum mai magana ɗaya kamarsa ba. Gaskiyarsu ce, kuma ina alfahari da shi. Nakan tuƙa musu tuwo su ci. Amma har yau ina fushi da shi, kuma ina kewarsa. Da ya karya maganarsa sau ɗaya tak, da yanzu jikokinsa sun san muryarsa.