Shekarun da Matata Ba Ta Sha Azumi Ba

Muna zaune a Tibiri lokacin, ina sayar da kayan babur a bakin tasha. Ban yi nisa a lakwal ba, wato boko, karatun addinin ma da girmana na soma shi, sai na ɗauke shi da zafi irin na sabon shiga. Na ce wa matata ta riƙa yin azumin Litinin da Alhamis tare da ni, na ƙara mata da kwana ukun tsakiyar wata. Tana goyon ɗanmu na uku, ga daka, ga ɗiban ruwa, kuma a shekarar gero bai yi ba. Ni kuwa a inuwar shago nake wuni. Ba ta yi mini musu ba.

Da ta yaye yaron, al'adarta ba ta dawo ba. Aka yi wata shida, aka shekara. Sau ɗaya ta yi mini maganar, tana kallon ƙasa, ta ce ko za ta je wajen ungozomar asibiti. Na tambaye ta ko wani wuri na mata ciwo, ta ce a'a. Na ce to wace mace ce za ta je neman abin da zai hana ta salla? Na ce baiwa ce Allah ya yi mata. Har alfahari na yi da abin. Ranar ƙaramar salla abokaina na cewa matansu na da ramuwa, na ce ni a gidana ba a shan azumi ko ɗaya. Wani ya yi dariya ya ce ashe waliyyiya na aura.

Innata kaɗai ce ta damu. Ta zo daga Dumega, ta ga yadda surukarta ta rame, ta ce aikin doguwa ne, a kai ta wajen masu bori. Na yi mata wa'azi har ta bar zancen bori. Ta ce to aƙalla a bar yarinyar ta ajiye nafila ta ci abinci. Na haɗa wannan da waccan na watsar.

A shekara ta shida matata tana saukowa daga rumbu, saura taki ɗaya ta kai ƙasa, ƙafarta ta zame. Faɗuwa ce wadda yaro zai yi ya tashi ya kakkaɓe jikinsa. Ita ba ta tashi ba. Mai ɗori ya taɓa ƙugunta, ya tambayi shekarunta. Da na ce talatin da huɗu, ya janye hannu, ya ce mu wuce asibitin Dogon Dutsi.

A can aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗebi jini. Likitar mace ce. Ta tambayi yaushe rabon matata da al'ada, da ta ji amsa ta ajiye biro. Ta yi mana bayani da Hausa, ta ce ƙashi kamar katangar ƙasa yake, kullum yana zubewa ana yaɓe shi. Abin da ke juya al'ada kowane wata shi ke taimaka wa yaɓen. Yunwa da wahala suka tsayar da al'adar, zubewa ta fi yaɓe yawa, ga shi jinin ma ya nuna. Sai ta dube ni.

"Malam, duk shekarun nan ba wanda ya lura?"

Matata ta riga ni magana. "Ni ce ban faɗa ba, likita."

Na ji ta sarai, ban ƙaryata ta ba.

An yi mata aiki, amma ƙashin bai kama yadda ake so ba. Da sanda take tsallake tsakar gida yanzu, ba ta wuce nan. Likitar ta ce abin da ya zube ba duka zai dawo ba. Na roƙi gafararta ba sau ɗaya ba, amsarta ɗaya ce: "Ba komai, Malam."

Danginta ba su san komai ba har yau, ita ba ta faɗa ba, ni ma na kasa. Makon jiya yayanta ya zo duba ta. Da zai tafi na raka shi ƙofar gida, ya riƙe hannuna yana yi mini godiya, wai ba kowane namiji ne zai zauna da gurguwa ba. Ya sa mini albarka, na ce amin.