Tukunyar Irin Inna

Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta mini. Idanuna sun yi duhu, sunayen jikokina ma rikice mini suke, amma ranar da na fasa tukunyar irin surukata ba za ta fita daga raina ba har a kai ni kabari.

Mijina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne a zangon Sokode, amma gonarsu ta gado tana arewa, wajen Korbongu, kusa da Dapaong. Duk damina can muke. Mahaifiyarsa, Inna, tana da wani jan gero mai saurin nuna. Ba ya neman komai sai kashin shanu da tokar murhu, a sa wake a tsakaninsa. Kowace kaka takan zaɓi zangarniyoyi masu kyau, ta sussuke, ta cakuɗa da toka, ta zuba a tukunya ta liƙe bakin da laka. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Da za ta rasu, ni ta danƙa wa tukunyar.

Sai aka kawo masarar zamani da takin buhu. Kowa ya koma can, mu ma muka bi. Tukunyar ta shekara biyu a ƙuryar ɗakina a Sokode.

Shekarar rigimar siyasa da dogon yajin aiki, dangi suka gudo daga Lome, gidanmu ya cika har zaure. Kamiyo, wato babbar motar kaya, ya daina hawowa arewa, taki bai zo ba. Masara ta tsaya iya gwiwa, ta yi rawaya. Abin da muka girbe bai cika buhu ba.

Wata rana da hantsi, kwana biyu ba a hura wuta ba, ƙanwar mijina mai goyo ta ce mini, "Yaya, nonon ya ɗauke." Na shiga ɗaki da taɓarya na fasa lakar. Na sheƙe tokar, na wanke geron, na daka, na dama kunu.

Malam, maigidana, ya dawo daga mahauta hannu wofi, na miƙa masa ƙoƙo. Ya kurɓa sau ɗaya, ya tsaya.

"Wannan geron Inna ne."

"Shi ne, Malam."

"Duka?"

"Duka. Ka ga yawan bakin da ke gidan nan."

"Ko cikin tafi ɗaya ba ki rage ba?"

Wallahi ban tuna ba. Kukan jaririn kawai nake ji. Ya shanye, ya ajiye ƙoƙon a hankali. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ce a raina ai za mu samu a wurin maƙwabtan gona. Da hanya ta buɗe na bi Korbongu gida-gida, na shiga kasuwar Dapaong, na je har Nano. Wata tsohuwa Bamoba, 'yar ƙabilar wajen, ƙawar Inna, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ni da na saki nawa don na san yana wurinku?" Ashe kowa ya saki nasa, yana zaton wani ya ajiye.

A ciwonsa na ajali Malam ya nemi kunun geron nan. Na dama masa na kasuwa. Ya ɗanɗana, ya kau da kai.

Jaririn ya rayu, yanzu magidanci ne, na gode wa Allah. Amma gonar ta gaji, in ba takin buhu ba ta ba da komai, 'ya'yana kuma kowace shekara jiran kamiyo suke. Abin da na koya, bayan lokaci ya wuce, shi ne iri ba a barin ajiyarsa ga maƙwabci, kuma komai tsananin yunwa a rage cikin tafi ɗaya. Ni ban rage ba.