Ruwan leda a cikin jinin ɗiyar yayata

"Me ka zuba a ciki?"

Matar labo, ɗakin gwajin jini, ta ɗaga kwalbar wajen taga. Jinin ya yi garau kamar soɓo, har ana hangen yatsanta ta bayansa. Na ce ban zuba komai ba. Ta ce, "Ɗan samari, ni daga Damagaram aka turo ni, ba daga wata na faɗo ba."

Jinin ɗiyar yayata ne. Shekararta huɗu, idonta ya yi rawaya, ta ɗashe, an yi maganin zazzaɓi har an gaji. Majo, babban malamin asibitin Tumur, ya ɗibi jininta, ya ce a kai Diffa ranar. Tun da aka hana kabu-kabu ba ni da aikin yi, sai aka ba ni. A shingen sojoji aka zazzage jakata, murfin ya goce, kusan rabi ya tafi cikin tsumma. Na tuna majo ya ce sai jinin ya kai zanen da ke jikin kwalbar. Da ruwan leda a hannuna. Na ɗiga har ya kai zanen, na girgiza.

Da na faɗa mata, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kawo hannunka."

Ta ɗibi nawa. Ta jera ƙananan kwalabe da ruwan gishiri, ta farko gishirinta daidai da na jikin mutum, na ta gaba ya ragu, haka har ta ƙarshe da ke ruwa zalla. Kowace ta sa mata ɗigon jinina. Muka jira, ina ta tambaya, tana ta korata daga kan teburin. Sannan ta sa su a wani inji mai juyawa.

Da suka fito, na farkon ruwansu fari, jan ya kwanta a gindi. Daga tsakiya ruwan ya soma ja. Ta ƙarshe sak abin da na kawo.

"Ƙwayar jini jaka ce," in ji ta. "In gishirin waje ya yi kaɗan, sai ta yi ta shan ruwa har ta fashe. Naka sun jure har nan. In nata sun fashe tun can baya, mun san inda za mu nemi ciwon. Kai ka fasa su duka tun a hanya."

Na ce, to kifin kogin Komadugu fa, me ya hana nasa fashewa? Ta ce in fita.

Sai an sake huda yarinyar, ita da ba ta da jinin bayarwa. A bakin ƙofa na yi wa yayata saƙon murya:

"Yaya, ba laifin majo ba ne, ni na ɓata jinin, ruwa na zuba. Ki taho da ita gobe da motar farko, a nan za a ɗiba. Zan tare ku a tasha. In za ki zage ni, ki bari sai kun iso."