Gyaɗar Da Na Ɓare Da Haƙori

Malam Edita, bari in faɗa tun da fari kada wani ya riga ni: in ana neman wawa a cikin wanga labari, ni ne. A wancan zamani na Jihar Arewa ni masinjan hukumar En'e ne a Kebbe, ga kaki mai guga, ga keke mai ƙararrawa, ga ilimin elemantare aji fuɗu da nake ɗauke da shi kamar wanda ya ƙare karatu a Ingila. Duk mako nakan kai takardu Tambuwal, in yada zango a ƙauyuka, a ba ni fura, a ba ni wasiƙa in karanta, inda na kasa ganewa in ƙarasa da ka. Bayan magariba kuma mu dattawan unguwa mu shida mukan haɗa akusanmu a ƙofar gida mu yi ciyayya, kowa ya ɗanɗani miyar gidan kowa, a yi ta tsiya. Ban ƙara cin tuwo mai daɗin wannan ba.

Ba a daɗe da ɗaga tutarmu ta 'yancin kai ba, ina da shekara hamsin da 'yan kai, wata safiya na sunkuya zan ɗaure jakar takardu sai na ji ƙasa ta taso ta same ni. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Aka ɗora ni a motar gyaɗa zuwa asibitin birni, na yi wata guda, aka sallamo ni hannun wani disfensa a Tambuwal. Ƙafa ta fara motsi, amma hannu yana nan a dunƙule kamar na mai shirin dambe. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, domin dattijo ba ya sa hagu a akushin jama'a. Abokaina suka yi ta aiko cewa in fito ko da cokali ne, na ce sam. Na koma ƙuryar ɗaki, maiɗakina tana ba ni a baki.

Disfensan ya ce maganin hannun ba ya cikin kwalba, aiki yake so kullum. Ya tambayi maiɗakina ko akwai aikin yatsu a gida, ta ce akwai gyaɗar iri, wadda ba a zuba ta a turmi, da hannu ake ɓare ta ɗaya-ɗaya don kada ƙwayar ta fashe. Ya ce madalla, ƙwarya guda kowace safiya, da hannun dama kaɗai. Na gyara murya, na yi masa ɗan Turancina, na ce ni ma'aikacin hukuma ne, allura ta dace da ni, ɓarar gyaɗa ta mata ce. Ya yi dariya ya ce shi ma hannun ba zai gaya wa hukuma ba.

Ranar farko na yi ta fama, gumi har cikin kunne, ban fasa ko biyar ba. Rana ta biyu na yi da hagu, ta kama ni. Daga nan kullum sai ta durƙusa, tana ba ni haƙuri tana ɗaure hannun hagun da ɗankwalinta a jikin gadon kara, ta aje mini ƙwarya ta tafi rijiya. To nan ne ilimin aji fuɗu ya yi aikinsa. Na lura disfensa ya hana hagu, amma bai ce komai a kan haƙori ba. Sai in kifa kai cikin ƙwarya kamar akuya, in fasa, in tofar da ɓawo gefe, ƙwaya gefe. Kafin ta dawo na gama, na jingina ina nishin gajiya. Baiwar Allah ta yi ta murna, ta gaya wa maƙwabta Malam ya kusa komawa ciyayya, har waina ta toya ta yi sadaka.

Wata uku ina wannan sana'a. Ran nan igiyar guganta ta tsinke ta dawo da wuri, ta same ni kai cikin ƙwarya, ɓawo a gemu. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Tulun kawai ta sauke, ta kwance mini hannu, ta zauna bakin ƙofa tana share ido da wannan ɗankwalin. Daga ranar ba ta ƙara ɗaure ni ba. Takan zauna gabana da tata ƙwaryar, ta dafa yatsuna da nata mu matsa tare, ɓawo ɗaya sai mu kai tsawon kiran salla bai fashe ba. Daga gyaɗa muka koma tufkar igiyar rama, daga nan jan carbi. Sai da damina ta zagayo na fita ƙofar gida da akushina, na yanki loma da dama, abokaina suka ce a ɓoye gyaɗa ga ɓera ya fito. Yatsu uku sun dawo, da su nake riƙe alƙalamin nan. Biyu na ƙarshe suna nan a lanƙwashe, disfensa ya ce watannin farko su ne na aiki, ni kuwa na cinye su.

Yau abokan ciyayya duk sun riga ni, ita ma Allah ya jiƙanta. Kira nake ga tsofaffi irina: in ciwo ya kayar da kai aka ce ka motsa, ka motsa, ko da aikin ya yi maka kama da na yara. Mai jinyarka za ka iya yi wa wayo, jikinka kuwa yana kallonka. Ni ban yarda da laifina da wuri ba. Shekaru bayan haka ina zaure ina gaya wa baƙi cewa rowar allura ce ta bar mini yatsu haka, sai na ji muryarta daga tsakar gida:

"Wace allura, Malam? Ai wanda yay yi aikin ya samu lafiya. Buɗe baki su gani, haƙorinka ko ɗaya bai faɗi ba."