Tsamiyar da Babu a Burtalin Gangara

Jama'a, abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba ji na yi a tasha ba, kuma wallahi tallahi har yau in na tuna shi kaina kullewa yake. Shekarun baya kaɗan ne, da bazara, ina aikin awon ƙasa da wani buro, wato ofishin masu awo, na Maradi, aka turo ni wani ƙauye cikin karkarar Gangara in auna burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa rijiya, don a kafa ginshiƙan siminti kafin ruwan shuka ya sauka.

Bari in ɗan gaya muku yadda aikin yake, don kar ku ce zafi ne ya taɓa mini kai. Akwai na'ura da muke girkawa bisa ƙafa uku, ba ta motsi, tana sauraren taurarin ɗan Adam, ita ke gyara wa dron, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto, lissafinshi yana sama, ita ke gyara wa sandar awo da nake riƙewa a hannu. GPS ɗin salularku yakan ɓata da taki biyar ko goma, wannan kuwa kuskurenta bai wuce faɗin yatsa biyu ba. In ta nuna kore, magana ta ƙare. Ni kuma lokacin ina ji da kaina, har ina ce wa tsofaffi ita wannan ba ta da dangi a garin, ba ta cin goron kowa.

Duk turakun da muka kafa an yarda da su, sai kusurwa guda. Malam Illa, mai gonar wurin, dattijo ne mai iyali da yawa, gonar ke ci da su, ya nuna layin gamba ya ce nan ne iyaka tun yana yaro. Arɗo Buba, shugaban makiyayan, ya ce a'a, burtali ya kai har gindin tsamiya, ya nuna cikin gonar Malam Illa da sandarshi. Muka duba, fili fetal, ko kututture babu. Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Maigari ya ce gamba ana ganinta, tsamiya ba a gani, a auna bisa gamba. Arɗo ya ce in aka matse wurin shanu ba za su wuce ba sai sun faɗa gona, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan haka, ya juya ya tafi abinshi.

Na kafa turke a gindin gamba da hantsi, na ɗora sanda, kore, na rubuta lambar wurin da ta ba ni. Ƙa'idarmu kowane turke sau biyu ake auna shi, don haka bayan Azahar, mutane sun watse, na koma. Turken nan dai, ban taɓa shi ba, ga sawun takalmina na safe, na ɗora sanda, kore, amma lamba ta sauya da mita bakwai. Kai! Na kashe na kunna. Na koma turken baya, daidai da na safe. Na je na gaba, daidai. Na dawo wannan, mita bakwai. Da na ce na'ura ta kai ni lambar safe, sai kibiya ta ja ni cikin gonar Malam Illa, tiryan-tiryan har inda Arɗo ya nuna da sanda.

Na hau tudu inda ake samun rezon salula na kira shef ɗinmu, shugaban buro. Ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" Na ce na ci. Ya ce to in fita daga ƙarƙashin icce, ganye ne ke karkatar da saƙon taurari, abin da ake koya wa ɗan shekarar farko ke nan a lakol, makarantar awo. Na ce, "Shef, wane icce? Nan ko akuya ba ta samun inda za ta raɓe." Ya ce in daina ɓata mishi lokaci in tada dron, hoto ba ya gardama.

Na tada shi. Layi-layi yake bi, na tsara mishi tun a buro, kuma na saukar da shi ƙasa-ƙasa don hoton ya fito sosai. Yana isowa kusurwar nan sai ya ci birki a sama, allon sarrafa shi da ke hannuna ya hau ƙara wai akwai abu a gaba, ya yi kwana ya zagaye iska, ya koma layinshi. Ya dawo layi na biyu, haka. Ni dai ina tsaye baki buɗe, ina duban sama, ina duban allo, ban san wanda zan gaskata ba cikin idona da abin da ke hannuna.

Na zauna gefen mota na buɗe hotunan. Ga gamba, ga turke, ga ni kaina da hulata. Ga kuma inuwa, baƙa ƙirin, shimfiɗe a gonar, inuwar babban icce da rassanta, gefen gabas da giɓi kamar an ɓalle reshe. Iccen ne babu. Na ce ko girgije ne, na ɗaga kai, sama wasai. Na taka na je wurin, don ni mutum ne mai taurin kai, kuma na rantse da wanda raina ke hannunshi, rairayin da ke ƙona ni ta cikin takalmi, ina shiga wurin na ji sanyi ya sauko mini a wuya, zufata ta bushe. Na fito, zafi. Na koma, sanyi. Sau uku na yi, duk haka.

Ashe Malam Illa na zaune bakin gona yana kallona. Ya taso ya ce, "Ɗana, lafiya kake shiga kana fita?" Na miƙa mishi allon kawai. Ya daɗe yana dubawa, ya sa yatsa bisa giɓin nan na gabas, sai ya naɗe hannun rigarshi ya nuna mini hannunshi na hagu, a karkace daga gwiwa. Ya ce reshen nan da shi ya karye yana ɗan shekara tara, a kan haka mahaifinshi ya sare tsamiyar, ya tone har saiwa, da damina ta zo kuma aka dasa gamba inda take yanzu.

Sai ya ce, "Wa ya ga wannan?" Na ce, "Baba, ni da kai ne." Ya dubi gonar tun daga kusurwa har ƙarshe, ni ma na duba, mita bakwai a tsawon nan damman hatsi ne ba kaɗan ba. Ya ce, "To me za ka rubuta?"

Tausayinshi ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, kuma gaskiya ban san me zan rubuta ba. In ce inuwa ta ba da shaida? Wa zai sa hannu a wannan? Na rubuta lambar safe, na ce ai a gindin gamba na same ta, kuma abin da maigari ya ce ke nan. Ranar da aka zo da siminti ni na tsaya a kan magina, a gindin gamba aka kafa ginshiƙin, da idona na ga an zuba kankare. Arɗo bai zo ba.

Bayan kaka aka sake turo ni duba ginshiƙai. Ina isowa kusurwar na taka birki. Ginshiƙin na cikin gona, mita bakwai daga gamba, kankarenshi lafiya lau, babu tsaga, har da shaidar tafin hannun da wani magini ya bari a jiki. Gindin gamba kuma babu rami, babu ɓaraguzai. Na ce shi ke nan, makiyaya sun tumɓuke shi, yau akwai tafiya wurin jandarma. Na girka na'ura, na ɗora sanda a kanshi. Kore. Lambar da na rubuta da hannuna, na sa hannu a ƙasanta, ko yatsa ɗaya bai gota ba. A takarda ginshiƙin nan bai taɓa motsi ba.

Na sami Malam Illa a ƙofar gida, ya rame. Na ce, "Baba, wa ya matsar da shi?" Ya dube ni ya ce, "Ni da na ɗauka kai ne ka dawo ka gyara, na ce yaron nan ya fi ni tsoron Allah." Ya ce tun ranar shuka ya same shi a nan, bai kai ƙara ba, bai kuma shuka bayanshi ba. Na buɗe baki in ce ba ni ba ne, ya ɗaga hannu ya ce in bar shi haka, ya fi mishi sauƙi.

Ina naɗe kayana, rana tsaka, garken Arɗo ya biyo burtali. Da suka iso wurin sai suka rabu biyu, suka zagaye fili, suka haɗe a gaba. Maruƙa biyu kuwa suka ratse, suka kwanta a tsakiyar ranar nan suna tuƙa, har da lumshe ido.

Har yanzu ina aikin, kuma na'urar ba ta sake yi mini haka ba ko sau ɗaya, shi ya sa ban san inda zan ajiye wannan ba. Na'ura ce ta yi ƙarya da safe, ko ƙasa ce ta gyara zamanta, ko ni ne, oho. Abin da zan ce muku kawai, ƴan'uwa masu awo da masu gona, kafin ku kafa wani abu a ƙasar mutane ku tambayi abin da ke wurin da, ku kuma saurara da kyau. Ni ban sake cin abincin rana a filin da ban san tarihinshi ba.