Izinin da Aka Bayar Ranar Juma'a

Aikina a ofishinmu na hukumar birnin Greensboro, a nan ƙasar waje, shi ne raba ƙofofi. Haka nake gaya wa mutanen gida in sun tambaya, don idan na fara bayanin manhaja sai su ce "to madalla" su sauya magana. Duk mai son yin gini ko jan wayar lantarki sai ya nemi izini, buƙatarsa kuma ta bi ta cikin manhajar kwamfutarmu. Ni ke tsara wane zai shigar da buƙata kawai, wane zai duba ta, wane zai danna amincewar ƙarshe. Manhajar ba ta san fuska ba. Duk wanda ya shiga da sunanka da kalmar sirrinka, to kai ne, ko da kana kwance a asibiti.

Cikin masu amincewar ƙarshe akwai Alhaji, dattijo ɗan Zariya wanda ya zo ƙasar nan tun ina firamare. A gidansa na sauka da na zo, shi ya koya mini tuƙi a titunan unguwar Sedgefield yana yi mini faɗa kamar ɗan cikinsa. Saura kaɗan ya yi ritaya, kuma duk tsawon aikinsa ba a taɓa ambaton sunansa da abin kunya ba.

Tare muke zuwa masallacin Juma'a. Wata Juma'a muna cikin mota na ce mu yi sauri, na ga aiki ya taru masa.

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Na bar wa maƙwabcina shago."

"Wane shago, Baba?"

"Na ba shi password ɗina mana. In wani abu urgent ya shigo, ya danna mini."

Maƙwabcin nan shi ne mutumin da teburinsa ke jikin na Alhaji, wani mai yawan murmushi, wanda ni da kaina na ba shi izinin shigar da buƙata kawai. Ban taɓa yarda da shi ba, ko da yake ba ni da hujja. Akwai wani ɗan kwangila da ke sayen tsofaffin gidaje a unguwar East Greensboro yana yanyanka su ɗaki-ɗaki don haya wa ɗalibai, kuma na sha ganin su biyun a wurin ajiye motoci suna magana ƙasa-ƙasa.

Na yi wa Alhaji bayani da duk ladabin da nake da shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce mahaifinsa ya yi shekaru yana sayar da yadi a kasuwa, duk Juma'a Inyamurin da ke kusa da shi ke tsare masa rumfa, ran Lahadi shi ma ya tsare masa, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Ya ce mu yaran zamani karatu ya cire mana yarda da mutane. Na ji haushi ƙwarai, amma na haɗiye. Ba a ja-in-ja da mutumin da ka ci tuwon gidansa.

Sai na biyo ta bayan gida. Na shawo kan shugabarmu aka sa doka: duk mai shiga manhaja, sai an turo masa lamba ta wayarsa ya sa. A ganina na toshe kafar ba tare da na kunyata kowa ba. Juma'ar da ta biyo baya, muna cire takalma a ƙofar masallaci, na tuna masa ya kashe waya.

"Ai na bar ta a kan tebur," in ji shi. "Maƙwabcina zai buƙaci code ɗin nan naku."

Ban fahimci komai a huɗubar ranar ba. Ina zaune kafaɗa da kafaɗa da shi, alhali na san a daidai lokacin akwai wani Alhajin a ofis yana danna abin da ya ga dama.

Da muka fito na ce masa aikina ya wajabta mini in kai maganar sama. Ya dube ni ya ce in je in kai. Ran Litinin na gaya wa shugabarmu, ta ce za a bincika. Daga nan ofis ya yi wani irin shiru. Maƙwabcin ya ci gaba da gaishe ni da murmushinsa, har da kawo mini kofi. Ɗan kwangilar ya daina zuwa. Aka fara rufe ƙofar ɗakin taro, wadda da ba a rufe ta.

Ana cikin haka bangon wani gidan haya a East Greensboro ya fara hayaƙi. Allah ya tsare, ɗaliban sun fice ba wanda ya ji rauni. Da aka fasa bangon aka tarar da wayoyin da babu mai duba gini da ya taɓa ganinsu, ga shi kuma an amince da aikin tuntuni, da sunan Alhaji.

Maƙwabcin ya ce bai san zancen ba. Alhaji kuwa da aka tambaye shi, cewa ya yi shi ya ba da kalmar sirrin da hannunsa, ba kuma zai rantse a kan abin da idonsa bai gani ba.

Da hantsi shugabarmu ta leƙo ta ce in rufe wa Alhaji shiga manhaja yanzu-yanzu, za ta kira shi bayan taro. Daga kujerata ina hango ƙeyarsa da farar hularsa. Na nemo sunansa, na cire amincewar ƙarshe, na cire dubawa, na cire shigarwa, har ba abin da ya rage.

Na ga ya buga kalmar sirrin, ya gyara tabarau, ya sake bugawa a hankali da yatsa ɗaya. Sai ya waiwayo yana nemana da ido.

"Ɗana," ya ce, "zo ka duba mini. Yau kwamfutar nan ta ƙi ni."